Kurus Kwantirol Ya Daina Aiki? Yadda Ake Gano Matsalar Da Wayar Hannu Kafin A Je Gareji

Duk mai yawan bin hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko wadda ta ratsa Bakori da Malumfashi ta nufi Kano da Katsina, ya san yadda ƙafa ke ƙagewa a kan totur idan tafiya ta yi nisa. Shi ya sa masu Camry da Corolla da Accord da Peugeot da yawa suka saba da na'urar riƙe gudu, wadda direbobi ke kira kurus kwantirol. Ana kaiwa gudun da ake so sai a danna maɓalli, a ɗage ƙafa, motar ta ci gaba da tafiya a haka.

Ranar da aka danna maɓallin ya ƙi kamawa, yawancin mutane ɗayan biyu suke yi. Ko dai su share, su ce ai ba shi ke tafiyar da motar ba, ko kuma su kai gareji a fara canje-canjen kaya bisa hasashe. Duka biyun akwai asara. Sau da yawa kurus ɗin lafiyarsa lau, kwamfutar motar ce ta hana shi aiki da gangan saboda wani saƙo da take jira bai iso ba. Saƙon da ya fi yawan ɓacewa kuwa shi ne na birki, kuma abin da ke aiko shi shi ne ke kunna jajayen fitilun baya. Ke nan motar da kurus ɗinta ya mutu tana iya kasancewa tana yawo da daddare ba fitilar birki, ga tirela maƙare da buhunan masara a bayanta.

Yadda na'urar ke aiki

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Ralph Teetor, wanda makaho ne tun yana yaro, shi ya ƙirƙiro wannan na'ura. Ya samu shaidar mallakar fasaharsa a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya fara saka ta a motocinsa a 1958. Ta wancan zamanin da ƙarafa da igiya take aiki. A yawancin motocin yau, wasu layuka ne kawai a cikin manhajar kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota.

Kafin kwamfutar ta yarda ta karɓi totur daga ƙafar direba, sai ta tabbatar da wasu sharuɗɗa: an kunna babban maɓallin? Gudun ya kai mafi ƙarancin da aka ƙayyade? Ƙafa ba ta kan birki ko kuloci? Giya tana inda ya dace? Babu wata babbar matsala a injin ko a tsarin birki? Idan amsa ɗaya ta zo ba daidai ba, ko ma ba ta zo ba, sai ta ƙi. Kamar manhajar banki ce a waya: ko da kuɗi a asusu, lamba ɗaya ta kuskure a lambar sirri ta isa ta hana tura su. Saboda haka aikin mai bincike shi ne gano sharaɗin da ya faɗi, kuma a fara daga abin da ba ya cin ko sisi.

Mataki na 1: A tabbatar ba kuskuren dannawa ba ne

A yawancin Toyota da Honda matakai biyu ne. Da farko a danna babban maɓallin, mai rubutun ON-OFF ko CRUISE, fitila ta bayyana a allon gaban direba. Sannan a danna SET bayan an kai gudun da ake so. Waɗannan motoci ba sa kamawa a ƙasa da kusan kilomita 40 a awa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka manyan lambobin malejinsu na mil ne, don haka 25 a jikinsu shi ne kilomita 40.

Peugeot irin su 307 da 407 suna da tsari biyu a sanda ɗaya: mai riƙe gudu da mai iyakance gudu. Idan aka murza wajen LIMIT, motar ba za ta riƙe totur ba, hana ta wuce wani gudu kawai za ta yi. A masu giyar hannu kuma, sai an shiga aƙalla giya ta huɗu kurus yake kamawa.

A lura da abin da fitilar allon ke yi, domin ita ke nuna inda za a dosa. Idan ba ta kunnuwa sam, a zargi fiyus, ko maɓallan, ko wayoyin sitiyari. Idan tana kunnuwa amma SET ya ƙi, a zargi makunnin birki ko na'urar auna gudu. Idan yana kamawa amma ya saki da an faɗa rami, akwai wayar da ta saki ko makunnin da bai zauna daidai ba. A Toyota, fitilar CRUISE mai ƙiftawa alama ce cewa kwamfutar ta ga matsala ta kuma ajiye bayaninta.

Mataki na 2: Fitilun birki

Ko ba mai taimakawa ana iya wannan gwaji. A jingina waya a bayan motar, a kunna bidiyo, a shiga a taka birki sau uku ko huɗu, sannan a dawo a kalla. Fitilu uku ake nema: ta dama, ta hagu, da ta tsakiya da ke sama.

Idan duka ba sa kawowa, to ko fiyus ya ƙone ko makunnin birki ya mutu. Wannan makunni ɗan ƙaramin abu ne da ke saman fedar birki, a ƙarƙashin sitiyari. Akwai wasu alamun mutuwarsa: giyar mota mai otomatik ta ƙi fita daga P, ko mota mai maɓallin tayarwa ta ƙi tashi ko da an taka birki. Motar da ke wannan hali bai kamata ta hau titi da dare ba sai an gyara.

Idan kuma fitilun a kunne suke ko ba a taka ba, a leƙa ƙarƙashin fedar. Akwai wata 'yar roba kamar maɓallin riga da ke danne bakin makunnin. Zafi da tsufa suna sa ta farfashe, wani lokaci a tsinci ɓurɓushinta a kan shimfiɗar ƙafa. An san tsofaffin Honda da wannan. Da ta faɗi, kwamfutar za ta ɗauka ƙafa na kan birki kullum, kurus ya ƙi kamawa, fitilun kuma su kwana a kunne su shanye batir. Robar na cikin kayan mota mafi araha.

Akwai kuma yanayin da fitilun ke aiki lafiya amma laifin na makunnin ne. Dalili kuwa, a motoci da yawa layi biyu ne a cikinsa, ɗaya na fitilu, ɗaya na kai wa kwamfuta rahoto, kuma ɗaya na iya mutuwa ya bar ɗaya. Gwajinsa: a miƙaƙƙen titi da ba kowa, a sa saman ƙafa a ɗago fedar birki sama kaɗan, sannan a danna SET. Idan ya kama, makunnin ya goce daga mazauninsa ko ya fara gajiya.

Masu sauya ƙwan fitilun baya da irin na LED don ado su ma su lura. Wasu motoci, musamman tsofaffi, suna bi ta cikin ƙwan asali ne su gane halin da layin birki yake. Idan kurus ya mutu jim kaɗan bayan an sauya ƙwai, a mayar da na asali a sake gwadawa. Mota mai giyar hannu tana da irin wannan makunni a kan kuloci, shi ma a duba shi.

Mataki na 3: Fiyus

Akwatin fiyus yawanci biyu ne, ɗaya a wajen injin, ɗaya a ƙarƙashin sitiyari. Akwai taswira a jikin murfin. A nemi masu rubutu irin STOP, CRUISE, ECU-IG, GAUGE ko HORN, gwargwadon ƙirar motar. Idan rubutun ya goge, ana samun littafin motar a intanet ta hanyar rubuta sunanta da shekarar ƙirarta. A zare fiyus ɗin a haska shi da fitilar waya, idan siririn ƙarfen ciki ya tsinke to ya ƙone.

A mayar da mai lamba daidai da wanda aka cire, 10 a gurbin 10, 15 a gurbin 15. Ɗaura waya ko takardar sigari a gurbin fiyus hanya ce ta ƙona mota. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta feɗe tana taɓa bodi, wannan kuma aikin mai wayarin ne.

Mataki na 4: Sauran fitilun allo

Motoci da yawa suna kashe kurus da zarar fitilar injin, ko ta ABS, ko ta tsarin hana santsi ta kama. A irin wannan hali babu abin gyarawa a kurus, wancan laifin ne za a bi. A nan Najeriya fitilar injin kan daɗe a kunne a motoci da yawa, saboda an cire matatar hayaƙin salansa da makanikai ke kira indomi, ko fulogi ya gaji, ko gurɓataccen mai ya dame wata na'ura.

Wanda ya sayi motar hannu ya yi wannan gwajin: a murɗa makulli zuwa ON ba tare da tayar da injin ba. Ya kamata fitilun gargaɗi su kawo gaba ɗaya na ɗan lokaci. Idan ta injin ko ta ABS ba ta kawo ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta don ɓoye laifi. Kwamfutar dai tana nan da labarin, kuma ana iya tambayarta.

Mataki na 5: Tambayar motar da wayar hannu

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2, a ƙarƙashin sitiyari. A Turai dokar ta fara aiki kan motocin fetur a 2001. Wato kusan duk motocin Kwatano da ke yawo yanzu suna da ita.

Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar na'ura mai suna ELM327, wadda girmanta bai wuce kwalin ashana ba sosai, da manhaja irin su Torque ko Car Scanner. A soka na'urar a kafar, a murɗa makulli zuwa ON, a haɗa ta da wayar ta Bluetooth. Lambar haɗawar galibi 1234 ce ko 0000. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, domin mai tsohon tsarin Bluetooth ba ta aiki da wayoyinsu. Daga nan sai a umarci manhajar ta karanto lambobin matsala.

Harafin farko yana nuna sashen: P na injin da giya, C na birki da ƙafafu, B na cikin bodi, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Ga waɗanda suka fi shafar kurus:

P0504: layuka biyu na makunnin birki ba su yi daidai da juna ba.
P0571: matsala a layin makunnin birki da ke zuwa kurus.
P0500: saƙon gudun mota ba ya zuwa yadda ya kamata.
P0564: matsala a layin maɓallan kurus.
P0704: matsala a layin makunnin kuloci.
P2135: na'urorin auna buɗewar totur guda biyu sun saɓa wa juna.

Lambar tana nuna layin da matsalar take ne, ba ta cewa lallai kayan ne ya lalace. P0500 na iya zama wayar da ta tsinke, na'urar kuma lafiya lau. Kada a yi saurin goge lambobin, a fara ɗaukar hoton allon wayar. Gogewa ba gyara ba ce, kuma tana shafe bayanin da mai gyara zai bi.

Manhajar tana nuna gudun motar kai tsaye yadda kwamfuta ke ganinsa. Wani ya tuƙa, wani ya riƙe wayar ya kwatanta da maleji da kuma gudun da GPS ke nunawa. Idan lambar tana tsalle ko tana faɗuwa sifili alhali ana tafiya, an kama ɓarawon. Sai dai na'urorin masu araha yawanci lambobin injin kaɗai suke karantawa. Idan fitilar ABS ko ta jakar iska na kunne amma wayar ta ce babu komai, sai a nemi mai babbar na'urar bincike. A kuma zare ELM327 bayan an gama, domin kafar tana da wuta ko an kashe mota, tana iya jan batir idan motar ta daɗe a ajiye.

Mataki na 6: Na'urorin auna gudu, laka da ɓeraye

A motocin zamani kowace ƙafa tana da 'yar na'urar da ke ƙirga juyawar taya, ita ke ciyar da ABS, daga nan saƙon gudu ya wuce sauran sassa. Motar da ke sauka daga kwalta tana shiga gonaki ta hanyar burji a yankunan Ƙafur, Ɗanja ko Dandume tana tara laka da damina, ƙura da rani, ga kara da itace na fizgar wayoyin ƙasa. A juya sitiyari har ƙarshe, a haska bayan tayar, a bi wayar da ido a ga ko ta tsinke ko soket ɗinta ya cika da laka.

Idan matsalar ta fara ne bayan an canja boris ɗin ƙafa, a koma can. Wasu boris suna ɗauke da zoben maganaɗisu a gefe ɗaya, shi na'urar ke karantawa. Idan aka sa wanda ba shi da zoben, ko aka juya shi baibai, saƙon zai ɓace. Haka nan haɗa tayoyi masu girma daban-daban yana rikita lissafin.

Sai ɓeraye. Da kaka, motar da ke kwana kusa da rumbu ko shagon ajiyar masara da dawa tana jawo su, domin wajen injin da ɗumi. Suna gwaguyar rigar wayoyi su bar su a feɗe. A buɗe bonet a nemi kashinsu, ɓawon gyaɗa, tsummokara ko wayar da aka ci. Wayar da ɓera ya ci kan ba da matsala mai zuwa tana tafiya, yau lafiya gobe babu.

Mataki na 7: Maɓallan sitiyari

A cikin sitiyari akwai wata naɗaɗɗiyar waya mai faɗi da ke ba shi damar juyawa ba tare da layukan sun tsinke ba. Ita ke ɗauke da layin hon, da jakar iska, da maɓallan da ke jikin sitiyarin. Idan kurus ya mutu tare da hon, ko maɓallan rediyo, ko fitilar jakar iska ta kama, ita ce abin zargi na farko. Takan tsinke bayan an yi aikin sitiyari aka bar shi ya yi ta juyawa a sake.

Wannan ba aikin gida ba ne. Jakar iska tana fashewa da ƙarfin da zai iya raunata mutum. Mai gyara na ƙwarai zai cire kan batir ya jira wasu mintuna kafin ya taɓa wajen.

Tsofaffin motoci da sababbi

Motocin shekarun 1990 da wasu na farkon 2000 suna da wata na'ura daban a wajen injin da ke jan totur da igiyar ƙarfe, wasu da ƙaramin injin lantarki, wasu da zuƙar iska ta siririn tiyo. A nan ido ya isa: igiyar ta zame daga mazauninta? Tiyon ya tsage? Camry kuwa tun daga ƙirar 2002 toturta ta lantarki ce, babu igiyar da za a nema.

Sababbin motoci masu tsarin Toyota Safety Sense ko Honda Sensing suna da kurus mai rage gudu da kansa idan ya hango mota a gaba. Yana dogara ne da na'urar hange ta rada da ke gaban motar, a Toyota da yawa a bayan tambarin kamfanin, da kyamara a saman gilashin gaba. Ƙurar hunturu, laka, sitika ko ƙarfen kariya da aka ƙara a gaba duk suna makantar da shi. A goge da tsumma mai laushi a sake gwadawa. A Toyota da yawa, riƙe maɓallin ON-OFF na kusan daƙiƙa ɗaya da rabi yana mayar da shi kurus na gargajiya. Idan wannan ya kama, matsalar tana wajen rada ko kyamara. Motar da ta taɓa haɗari aka canja mata bamba ko gilashi tana buƙatar a sake saita waɗannan na'urori da kwamfuta.

Idan ya kama ya ƙi saki

Wannan bai cika faruwa ba, amma ya taɓa faruwa. A watan Mayun 2018 kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 4.8 a Amurka saboda wata matsala da ka iya hana kurus sakin totur. Kafin nan, tsakanin 1999 da 2009, Ford ya janye miliyoyin motoci saboda wani makunnin kurus da man birki ke shiga cikinsa har ya tayar da gobara, ko da motar a kashe take. Mai motar da ta fito daga Amurka zai iya shigar da lambar bodinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar NHTSA ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi mata ba.

Idan mota ta ƙi rage gudu, a taka birki da ƙarfi a riƙe, kada a yi ta famfo. A mayar da giya N, ko a taka kuloci. A gangara gefe, sai an tsaya cik sannan a kashe injin, domin kashe shi ana tafiya yana sa sitiyari da birki su yi tauri.

Bayan an gyara

Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ga ƙananan motocin gida ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen tituna. Kurus na taimakawa wajen tsayawa kan wannan, amma na gargajiya ba ya ganin rami, ko garken shanu, ko ɗan acaɓa da ya ɗauko buhu uku, ko hatsin da aka shanya a gefen kwalta. Ba a amfani da shi cikin ruwan sama, ko hazo mai kauri, ko wajen ratsa gari ranar kasuwa, ko lokacin da barci ya fara fizgar direba.

Idan bincike ya kai ga zuwa gareji, a tafi da abu huɗu: bidiyon fitilun birki, hoton lambobin da wayar ta karanto, bayanin abin da fitilar allo ke yi idan an danna maɓalli, da aikin ƙarshe da aka yi wa motar kafin matsalar ta fara. A nemi mai wayarin ya auna makunnin da wayoyinsa da mita kafin a sayi komai, kuma duk kayan da aka cire a karɓe shi. Idan an ce ƙwaƙwalwar motar ce ta lalace alhali ba a duba fiyus da makunnin birki ba, a nemi ra'ayin wani mai gyaran kafin a biya.